Jego a Cikin Ƙanƙara

Duk macen da ta haihu a cikin Hausawan Mahjar, can kudancin Jidda, in dai a shekaru arba'in ɗin nan ne, da wuya a ce hannun Mastura bai taɓa gadon bayanta ba. Ita ce mai wankan jego. Kafin rana ta ɗaga za ka hango ta tana tafe, gajeruwa, baƙa wuluk, ta tattare abaya da hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da damin ganyen darbejiya da ta karyo a bishiyoyin bakin titi. Ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, masu ba bishiyoyin ruwa sun yi faɗan har sun gaji. Yanzu in suka hango ta sai su kau da kai.

A nan Jidda aka haife ta. Kakanta ne ya taso daga ƙasar Haɗejiya da ƙafa, ya yi shekara bakwai a hanya yana noma a Sudan, ya ƙetare teku, ya sauke farali, ya kuma ce ba inda za shi. Mastura ba ta taɓa ganin Haɗejiya ko a hoto ba, amma sana'ar ta biyo su har nan, daga hannun kaka zuwa na uwa zuwa nata. A tafasa ruwa sai ya yi ƙara, a tsoma ganye a fyaɗa wa mai jego safe da yamma har kwana arba'in, a ɗura mata kunun kanwa, a cika ta da gasasshen nama da yaji. Karatun Mastura duka bai wuce kalma ɗaya ba, wato zafi. A wurinta sanyi shi ne babban makashin mai jego, shi ya sa in ta shiga gida, kafin ma a gama amsa sallama ta kashe mukayyif, na'urar nan mai sanyaya ɗaki. A watan Agusta fa, a Jidda! An sha ganin mace mai digiri tana haɗa ta da Allah ta bari a kunna ko na minti biyar, ita kuwa sai ta ce, “Halas, magana ta ƙare, ’yar nan, kya gode mini in kin tsufa.”

’Yarta ɗaya tak a duniya, Jawahir, kuma ita ce ta fari, don haka Mastura ba ta taɓa kiran sunanta ba. Kunyar ɗan fari ce ta gada, ta riƙe ta gam ko da matan Jidda suna yi mata dariya. Da tana ƙarama “ke yarinya” ce, da ta girma ta fara koyar da kimiyya a wata makarantar ’yan mata sai ta koma “Malama.” Jawahir tana jin Hausa sarai, amma in ta buɗe baki Larabci ne ke riga fitowa, Hausar tana biye tana ɗingishi. Shekara tara ta yi da mijinta Badr, direba a wani gida a Abhur, unguwar bakin teku, ko ɓatan wata babu. Mastura ta wanke matan unguwa kaf, ta dawo gida ba jika. Abin yana cin ta, ba ta dai faɗa.

Da ciki ya samu, ai sai Mastura ta tashi haiƙan. Ta je tsohuwar kasuwar Balad ta sayo sabuwar tukunya wadda yaro zai iya ɓuya a ciki, ta sa aka kawo mata kanwa mai kyau ta hannun masu zuwa Umra, ta daka yaji ta cika gwangwani uku. Ta gaya wa kowa cewa wannan jegon za a daɗe ana labarinsa a Mahjar.

Sai ga shi a farkon Disamba, ciki yana wata shida, jinin Jawahir ya hau har idonta ya daina gani sosai. Aka kwashe ta zuwa asibiti, aka yi mata aiki a ranar, aka ciro ’ya mace mai nauyin giram ɗari shida da tamanin. Ko bakwaini ba ta kai ba.

Washegari Mastura ta iso da flas ɗin kunun kanwa da damin darbejiya. Wata nas mai suna Hind, doguwa mai sanyin murya, ta tare ta a ƙofa cikin ladabi, ta kira ta “Hala,” wato inna da Larabci.

“Hala, wannan ba zai shiga ba. Kanwa tana ƙara hawan jini, zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Ruwan zafi kuma a kan ɗinki, haram.”

“Ke ’yar nan, kin san ko wace ce ni?”

“Na sani, ke kika wanke yayata. Amma ba zai shiga ba.”

Aka kai ta ta ga jikar ta bayan gilashi. Tana cikin kwalba, akwatin nan mai ɗumi da ake sa jariran da ba su isa haihuwa ba, an jona mata siraran wayoyi ko’ina. Fatarta ja, har jijiyoyi ana gani, dukanta ba ta fi tafin hannun Mastura da yatsu ba. Jarirai sama da dubu sun bi ta hannun matar nan, kuma ba ta taɓa ganin mai wannan girman ya kwana uku ba. Ta san abin da uwarta ke yi da irinsu: a naɗe cikin auduga, a ajiye kusa da wuta, a jira hukuncin Allah. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta fito ta zauna a baranda da flas a cinya, sanyin mukayyif yana dukan ta, ta rasa wanda za ta ce ya kashe.

Hind ta yi musu bayani dalla-dalla. Hanjin yarinyar bai yi ƙwari ba, abin da ya fi dacewa da shi nonon uwarta ne, ko ɗigo nawa aka samu za a zura mata ta siririn tiyo. In aka samu, tana da dama. To amma nonon ya ƙi zuwa, don Jawahir ta daina cin abinci. Ta juya fuska ga bango, ko Badr ya yi magana ba ta amsawa.

Rana ta huɗu da hantsi Mastura ta shiga ta same ta zaune, ta ƙura wa waya ido. A fuskar wayar ba komai sai fari fat, sama fari, ƙasa fari.

“Malama, me kike kallo haka, alhali ga abinci ya huce?”

“Darasin da na shirya wa ɗalibaina ne, Ummi. Ban samu na koyar ba. Dubbu ne.”

“Na ji dabba ce. Wace iri?”

“La, Ummi, dubbu.”

“To ai abin da na ce ke nan, dabba!”

A gidan Mastura dabba iri biyu ce: akwai ta Hausa mai ƙafa huɗu, akwai kuma ta Larabcin Jidda, wato tukunyar gas da take tafasa ruwa da ita. Ta uku ba ta san ta ba. Jawahir ta dubi uwarta, sai dariya ta kuɓuce mata, ta dafe ɗinkin ciki tana cewa wayyo. Rabonta da dariya tun kafin a kawo ta asibiti. Mastura ta lura da haka, don haka ta ja kujera ta zauna, ta ce a nuna mata wannan dubbun.

Abin da ta gani ya sa ta yi salati. Wata halitta ce fara sol, ƙatuwa, irin wadda ake kira beyar, tana taku a kan ƙanƙara cikin isa. Jawahir ta ce namijin yakan kai nauyin manyan maza bakwai ko takwas, tafin ƙafarsa kuma ya kai faɗin farantin cin abinci, shi ya sa ƙanƙara ba ta cika fashewa da shi ba. Can ƙarshen arewacin duniya suke, inda teku da kansa ke daskarewa har a yi tafiya a kansa. Abincinsu wata dabbar ruwa ce mai kitse da ake kira fuƙma, wadda ke huda rami a ƙanƙara tana leƙowa shan iska. Dubbu yana jin ƙanshinta daga nisan da ya fi kilomita, ya zo ya kwanta a bakin ramin, ya yi awoyi ko motsi babu, sai ta leƙo.

“Teku ya daskare?” in ji Mastura. “Irin wannan namu na Abhur?”

“Irinsa, Ummi, da gishirinsa da komai.”

“Ikon Allah. To ita macen a ina take haihuwa?”

Ai tambayar da mai wankan jego za ta yi ke nan. Jawahir ta taɓa wayar, hoto ya canja. Wani rami ne a cikin dusar ƙanƙara, uwar tana kwance a naɗe, kuma a tsakanin hannuwanta, manne da ƙirjinta, ga wani ɗan abu yana motsi, ido a rufe, gashin jikinsa ɗan kaɗan.

“In sanyi ya gabato, mai ciki takan haƙa ɗaki a cikin dusar ƙanƙara ta shiga, iska ta toshe ƙofar. A nan take haihuwa, a irin wannan watan da muke ciki.” Jawahir ta ƙarasa da ƙyar. “Ɗan yakan zo da nauyin giram ɗari shida, ko da ɗan ɗori.”

Mastura ta karɓi wayar da hannu biyu, ta matso da ita kusa da ido. Ta daɗe tana kallo.

“Wannan ƙatuwar ce ke haifar wannan?”

“Na’am.”

“Kuma ya rayu?”

“Yana rayuwa. In suka fito bayan wata uku ko huɗu, ya kai kilo goma.”

“A cikin ƙanƙara. Ba wuta, ba wanka?”

“Ba wuta, ba wanka, ba kunu. Ba ta ci, ba ta sha, ko bayan gida ba ta yi har ta fito. A wasu wuraren, in aka haɗa da watannin da ta yi a tudu kafin ta shiga, sai ta yi wata takwas ba ta sa komai a baki ba. Kuma a haka take shayarwa. Nononta kusan kashi ɗaya cikin uku mai ne zalla.”

Mastura ta sake duban wayar. Shekara arba'in tana gaya wa mata cewa iskar fanka ma tana iya kashe mai jego, ga wata baiwar Allah tana jego a cikin ƙanƙara da azumin wata takwas, ɗanta kuma daidai da wadda ke kwance a kwalba. Ta ji kanta ya yi ƙanƙanta. Ta ce “Subhanallahi” ya fi sau goma. Amma mai sana'a ba ta rasa tambaya.

“To nonon daga ina yake fitowa, in ba ta ci?”

“Daga kitsen da ta tara. Kafin ta shiga takan ci fuƙma har nauyinta ya kusa ninkawa.”

“Yauwa!” Mastura ta ajiye wayar ta jawo tiren abinci. “Ita ta tara kafin ta shiga. Ke me kika tara, da kike kamar sillen kara? Yalla, buɗe baki.”

Jawahir ta ci cokali shida. Da yamma Mastura ta dawo da farfesun kaza da dabino, ba kanwa, yaji ɗan kaɗan, ta tsaya a gaban Hind aka duba aka ce ya wuce. Kwana biyu bayan haka aka samu ɗigon farko, rawaya, mai kauri, ko cokalin shayi bai cika ba. Hind ta zuƙe shi a sirinji ta tafi da shi da sauri. Mastura ta bi ta har bakin gilashi, ta ga ya bi tiyo ya shige.

Ranar suna ba taro, ba kiɗa. Badr ya yanka rago a mayanka, ya zo asibiti ya ce an sa wa yarinya Rana. Suna ne na Larabawa, amma kunnen Mastura da Hausa ya ji shi.

“Rana? A garin nan da rana ke gasa mutum kamar tsire? Sunaye sun ƙare ne?”

“Ni na zaɓa, Ummi,” in ji Jawahir, “kuma da Hausa na zaɓa.” Ta tattaro Hausarta a hankali, kalma bayan kalma. “A can, lokacin da ake haihuwar ɗan, rana ba ta fitowa sam. Wata da watanni duhu. Uwar tana jira a rami. Sai rana ta dawo, sannan ta fasa ƙofa ta fito da shi.”

Mastura ta gyara mayafi, ta ce za ta je ta duba ko an kawo ruwan sha, ta fita baranda ta yi kukanta.

Aka sallami Jawahir, aka bar Rana. Kullum da safe Badr ya sauke su a asibiti kafin ya wuce Abhur. Da yarinyar ta ɗan yi ƙwari, Hind ta fara ciro ta daga kwalba tana ɗora ta a ƙirjin uwarta, fata da fata, a lulluɓe su da zane na awa biyu ko uku. Ta ce ɗumin jikin mutum yana daidaita numfashin jariri da bugun zuciyarsa. Mastura tana kallo ta gilashi, ta gane abin nan take, don ta riga ta gan shi a waya. Nauyi ya fara hawa, giram ashirin yau, talatin gobe. Ta haddace lambobin duka, ita da ko lambar wayarta ba ta riƙe ba.

A tsakiyar Fabrairu mura mai zafi ta kama Jawahir, da zazzaɓi da tari. Aka ce kada ta kusanci ɗakin jarirai sai ta warke sarai, nono dai ta tatsa a gida a kawo. Badr ma ya kamu. Kwana uku Rana ba ta hau ƙirjin kowa ba, nauyi ya tsaya cak, kuma sau biyu a yini ɗaya numfashinta ya ɗauke har na'ura ta yi ƙara, sai da aka taɓa ta ya dawo. Mastura tana tsaye a wurin aka yi na biyun. Ta fita baranda ta zauna a kujera.

Hind ta fito ta tsuguna a gabanta. “Hala, ke lafiyarki ƙalau?”

“Ni ko ciwon kai ba na yi.”

“To likita ta yarda. Zo ki wanke hannu.”

Aka sa mata rigar asibiti mai buɗewa ta gaba, aka zaunar da ita a kujera, aka ɗora mata Rana a ƙirji da wayoyinta da komai. Ba nauyi ko kaɗan, sai ɗan ɗumi da wani bugu mai sauri a kan fatarta. Hannun nan da ya saba fyaɗa ganye da murza baya ya rasa yadda zai yi, sai ta kife shi a hankali a kan bayan yarinyar, ya rufe shi duka. Iskar mukayyif tana sauka a wuyanta. Ba ta ce a kashe ba. Ta tuna uwar dubbun nan da ke kwance a naɗe, ta sunkuyar da kai tana hura wa yarinyar numfashinta a tsakar ka, ta zauna awa uku ko gyara zama ba ta yi ba, har ƙafarta ta mutu. Na'urar ba ta yi ƙara ba.

Da ta koma gida ta ba da labari daga bakin ƙofar ɗaki, Jawahir ta ce daga kan gado, murya a dishe, “Ummi, kin san fatar dubbu baƙa ce? Gashin ne kawai ke nuna fari, shi ma ba fari ba ne, ba shi da launi, haske ne ke wasa a cikinsa. In aka buɗe gashin, ƙasan baƙi ne wuluk, irin naki.”

“Ji ’yar banza,” in ji Mastura. Amma daɗi ya kama ta, har ta gaya wa maƙwabta washegari cewa ashe dabbar nan ’yar uwa ce.

Kwana tara tana wannan zama. Da Jawahir ta warke sai suka raba, uwa da safe, kaka bayan azahar. A haka azumi ya same su. Mastura tana zaune da Rana a ƙirji, maƙogwaro a bushe, in yunwa ta taso sai ta tuna mai wata takwas ta ji kunya. Wata rana suna jiran Badr a baranda bayan la'asar, ta tambayi abin da ya daɗe yana mata yawo a rai.

“Malama, su dubbun nan suna da yawa?”

“Masu bincike suna ƙiyasin dubu ashirin da shida a duk duniya. Ko yawan kujerun babban filin ƙwallo ɗaya ba su kai ba. An sa su cikin halittun da ake jin tsoron raguwarsu. Akwai wani yanki a Kanada da aka ƙirga kusan dubu da ɗari biyu shekaru arba'in da suka wuce, yanzu ba su fi rabin haka da kaɗan ba.”

“Harbe su ake yi?”

“Da can harbi ne babbar matsalar, har ƙasashen suka yi yarjejeniya aka rage. Yanzu ƙanƙarar ce. Duniya tana ɗumama, teku yana narkewa da wuri, yana kuma jinkirin daskarewa. Dubbu ba ya iya kama fuƙma a cikin ruwa, ta fi shi iyo nesa ba kusa ba, sai a kan ƙanƙara. In kwanakin farauta suka ragu, uwa ta shiga rami ba ta tara abin kirki ba. Nono ya ƙafe, ko ɗan ya fito ba ƙwari. Akwai wata da aka sa wa na'ura a wuya ana bin ta. Ta shiga ruwa da ɗanta tana neman ƙanƙara, ta yi kwana tara tana iyo ba tsayawa, kusan kilomita ɗari bakwai. Ya fi daga nan zuwa Madina nisa. Ta kai. Amma da aka sake ganin ta, ba ɗan.”

Mastura ta dafe ƙirji, daidai inda Rana ke kwanciya. “Inna lillahi. Kwana tara! To wa ya narkar da ƙanƙarar?”

“Mu duka, Ummi. Hayaƙin motoci, da masana'antu, da man da ake ƙonawa a samu wutar mukayyif.”

“A'a, to! Ban faɗa muku ba? Shekara nawa ina cewa mukayyif ɗin nan ba alheri ba ne?”

“Har da dabbarki ta gas.”

Mastura ta lissafa tukwanen da ta tafasa a rayuwarta, safe da yamma, gida-gida, lissafin ya fi ƙarfinta. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, “Ita dubbun wa ke yi mata jego? Uwarta ba ta zuwa?”

“Ba mai zuwa. Ƙanƙarar ce ɗakinta, ita ce gonarta, ita ce hanyarta. Ba ta da kowa sai ita.”

Badr ya iso yana danna hon. A mota Mastura ta ƙura wa taga ido har Mahjar, ita da kullum take koya masa tuƙi daga kujerar baya.

Kwana biyar bayan Sallah aka sallami Rana, nauyinta kilo biyu da giram ɗari uku, ba tiyo, ba waya, tana kama nono da kanta. Hind ta rako su har ƙofa, ta ja Mastura gefe ta ce, “Hala, wanka da ruwa mai ɗumi kawai. Ki gwada da gwiwar hannu. In kin ji zafi, ya yi yawa.” Mastura ta ce ta ji. Suka fito rana ta buga musu, ta ɗaga gefen abaya ta yi wa yarinyar inuwa har mota.

Washegari da azahar ta ce za a yi wankan farko. Sabuwar tukunyar nan tana kusurwar kicin, takardar shago ma ba a ɓare mata ba, ga dabbar gas a gefenta. Ta wuce su ta ɗauki ƙaramin baho ta tara a famfo. To wanda ya san Jidda ya san ruwan famfo da azahar: tankin yana saman bene, rana ta wuni tana dafa shi. Ta tsoma gwiwar hannu ta cire da sauri. Ta tsaya tana duban bahon. Sannan ta buɗe firiza, ta fasa ƙanƙarar da ke cikin wani kwanon roba, ta ɗauko dunƙulen da hannunta.

Mai wankan jegon Mahjar, tana sa ƙanƙara a ruwan wanka! Da matan unguwa sun gani, da sun samu abin faɗa har Sallah babba. Ta saki dunƙulen a cikin baho ya taso yana yawo, fari, yana ƙara ƙas-ƙas. Ta tsuguna tana kallonsa. Gefe-gefensa suka fara zagwanyewa, ya rage kamar ƙwai, ya rage kamar dabino. Ta sa tafin hannu a ƙarƙashinsa ta tallafe, kamar hakan zai hana. Tausayin uwar dubbun nan ya kama ta. Ta ce a hankali, “Allah Ka riƙe mata tata. Ka ba ta inda za ta taka, ita da ɗanta.” Kafin ta shafa, tafin hannun ba komai sai ruwa.

Ta sake gwadawa da gwiwar hannu, ruwa ya yi daidai. Ta kwance Rana daga zane, ta tallafi ƙeyarta, ta zura ƙafafun a ciki. Yarinyar da ta yi wata huɗu kukanta bai fi na ɗan kyanwa ba ta ware baki ta tsala ihu, ihu na gaske, wanda ya fita ta taga har maƙwabciya ta yi guɗa daga nata ɗakin. Hawayen Mastura suka hau zuba cikin bahon.

“Jawahir!” ta ƙwala. “Jawahir, zo ki ji muryar ’yarki!”

Jawahir ta taho da gudu, tawul a hannu, ta yi turus a bakin ƙofa. Shekararta talatin da huɗu, ba ta taɓa jin sunanta a bakin nan ba.

“Me kika tsaya kallo?” in ji Mastura. “Miƙo tawul ɗin, kada sanyi ya kama ta.”